Motar Surukina Marar Mariƙin Ƙofa

Ba na jin akwai ranar da zan manta da wata la'asar ɗin Juma'a a garejin surukina, a unguwar Ƙurban. Ko ni na yi niyyar mantawa, mutanen gidan ba za su bari ba.

Lokacin watana huɗu da aure. Ni ɗalibi ne daga Kaduna, ina karatun digiri na biyu a nan Madina, Allah Ya haɗa ni da Hanan, 'yar Baba Bakur. Shi Baba a Madina aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina ya zo aikin Hajji ya zauna. Hausarsa tana nan daram, sai dai kowace jimla sai ta ɗauko Larabci a hanya.

Tun da ya yi ritaya ba shi da zance sai na wata tsohuwar motar tsere 'yar Ingila, mai kujera biyu, buɗaɗɗiyar sama. A wata gonar dabino bayan Ƙuba ya tsinto ta, kaji sun mayar da ita ɗakin kwana. Shekara bakwai yana fama da ita, burinsa ta koma daidai yadda ta fito daga masana'anta, ba ƙari ba ragi. Yakan ce tana cikin 'yan farkon da aka ƙera, lokacin da ake bubbuga jikinsu da hannu daga alminiyam. Mutumin da ya taɓa mayar da kwalin ƙusoshi har Ingila saboda kansu mai giciye ne, alhali na asali tsaga ɗaya gare su!

Ranar da na fara zuwa gaishe shi ya tambaye ni ko na san mota. Bakina ya riga hankalina.

"Ai Baba, a cikin motoci na tashi."

(Gaskiyar magana, yayana ne ke sayar da fitilun mota a Panteka, nakan tsare masa shago in ya tafi cin abinci.)

Daga nan Baba ya laƙaba mini Muhandis, wato injiniya. Ni kuwa na amsa, har da gyara zama.

Duk zuwan da nake yi ban taɓa ganin motar da ƙofofinta ba, suna wajen mai fenti. Ran wata Laraba na shiga na tarar an ɗaura su. Motar ta haɗu, koriya shar, tana ɗaukar ido. Baba yana gefe yana waya, yana gayyatar abokansa masu son tsofaffin motoci su zo ran Juma'a su gani. Ina zagaya ta da hannu a baya irin na masana, sai idona ya faɗa kan ƙofa. Babu mariƙi. Na zagaya ɗaya ɓangaren, nan ma babu. Ko ramin ƙusa babu, sumul.

Nan take na gano bakin zaren. Mai fenti ya ɓatar da mariƙan, ya cike ramukan ya shafe da fenti, ya dogara da cewa idon tsoho ya yi rauni. Tausayin Baba ya kama ni. Shekara bakwai, sannan a zo a kunyata shi gaban baƙi? Ba ina raye ba.

Washegari na tafi tashlih, inda ake farfasa matattun motoci. Na sha rana ina tone-tone har na samo mariƙai biyu masu ƙyalli. Na biya wajen wani maƙwabcinmu na ari injin huda ƙarfe. Hanan ta ga ina goge su da tsumma, ta tsaya a kaina.

"Inta muta'akkid? Ka tabbata? Ka tambayi Baba?"

"In na tambaye shi ai ta tashi daga kyautar ba-zata."

"Motar nan ko mu 'ya'yansa ba ma jingina da ita."

"Ku ai ba ku san mota ba," in ji ni.

Ran Juma'a bayan la'asar baƙi suka hallara a falo ana shan gahawa. Na gaisa da su, na sulale zuwa gareji. Na manna tef a ƙofar direba, na auna da ɗan yatsa, na ɗiga alama da biro. Na jona injin, na yi bisimilla, na ɗora bakinsa a kan alamar, na danna.

Ban san ƙarar injin nan tana kai falo ba. Ban kuma san mutum mai shekara saba'in da ciwon gwiwa yana iya gudu haka ba.

"La! La! Waggif! Tsaya, ya waladi!"

Ya fizge wayar daga bango. Ga baƙi biyar a bayansa, wani ma da finjalin gahawa a hannu. Da mai hankali ne, a nan zai yi shiru. Ni kuwa sai na miƙe, na ɗaga mariƙan sama don kowa ya gani.

"Baba, ka yi haƙuri, ban so ka sani ba sai na gama. Mai fenti ya cuce ka. Ya yar da mariƙan ƙofa ya toshe ramukan. Amma kada ka damu, ga wasu na samo, sun ma fi na asali kyau."

Don kada baƙi su rasa ladan, har na maimaita da Larabci. Larabcin aji, mai cikakken i'irabi.

Gareji ya yi tsit. Baba ya matso, ya zura hannu ta saman ƙofar, ya ja wata igiyar fata da ke rataye a ciki. Ƙofa ta buɗe, ƙyas.

"Muhandis," ya ce a hankali, "haka aka yi ta. Ba ta taɓa yin mariƙi ba. Mota ce maftuha, buɗaɗɗiya, ba gilashi ba rufi, hannu kake sawa ka ja."

Wani dattijo daga Jidda, Abu Faisal, shi ya fara. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariyar, ta ƙwace ta hanci, gahawa ta zube masa a farar riga. Sauran suka biyo baya. Ni ina tsaye da mariƙi ɗaya a kowane hannu, gumi yana bin bayana har cikin wando. Abu Faisal ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya tambaye ni ko na san na mene ne. Na ce a'a. Ya ce na wata motar ɗaukar kaya 'yar Japan ne.

Baba bai yi dariya ba. Ya durƙusa, ya ɓare tef ɗin a hankali kamar mai buɗe ciwo. Allah Ya taimake ni injin bai huda ba, amma ya ci fentin, ya bar ɗan gurbi kamar ƙwayar riɗi. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

"Baba, wallahi ban san mota ba," na ce. "Fitila kawai na taɓa sayarwa."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Na sani tun ranar farko. Ka nuna mini kafireto ka ce janareto ne. Na ce yaro ne mai neman aure, a bar shi."

Sai a lokacin ya yi dariya, har da dafa kafaɗata don ya miƙe.

Ƙofar ta koma wajen mai fenti ta yi mako uku (bawan Allah, ya ji sharrin da na yi masa, har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko na ga wani abin da ya ɓatar). Hukuncina kuwa, duk Alhamis in je in karanta wa Baba tsohon littafin motar na Turanci, ina fassarawa, shi yana ɗaurawa. An yarda in riƙe fitila. An yarda in miƙo sifana. Duk abin da ake jonawa da wuta, an haramta mini.

Abin da na koya shi ne, in na shiga gidan mutane na ga wani abu babu, nakan fara tambaya ko da ma can haka aka yi shi. Sau da yawa amsar ita ce e. Kuma tambayar ba ta cin fenti.