Rasuwar Doguwa, Bindigar Zarghun Shah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da suka gaji, iyalan Zarghun Shah na Sar Banda, a kwarin Swat, suna sanar da rasuwar bindigarsa ta farauta, Doguwa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi.

Shekara goma sha ɗaya aka yi ana naƙudarta. Kan bututunta kaɗai, sau biyar maigida ya je Darra, garin maƙeran bindiga, yana leƙa kowanne kamar mai zaɓen suruka. Kunama uku aka gwada: ta fari tauri, ta biyu saurin fushi, ta uku dogon tunani. Madubin hangenta ya cinye maraƙi guda. Matarsa Spogmai kuwa ta sha labarin da kowane kofin shayi.

Sai aka zo kan ƙota. Maƙeri Tor Gul ya ce sai itacen akhrot, wata bishiyar ƙasar mai 'ya'ya masu taurin ɓawo, shi ma wanda ya yi hunturu uku a rufin ɗaki yana shan hayaƙi. Bishiyar akhrot biyu ce a gidan, mahaifin Spogmai ne ya dasa mata. Ta tafi suna ƙauyen ƙanwarta, ta dawo ta tarar da ɗaya da kututture. Kuma mai haƙurin shekara goma kan ƙarfe ya kasa jiran itace, don ya ji maƙwabci ya yi sabuwar bindiga. Ɗanye aka sassaƙa.

Marigayiya mai tausayi ce. Ko jinin makwarwa ba ta taɓa zubarwa ba. Da ƙotar ta bushe ta karkace, in an nuna mata gabas sai ta gaida arewa. Za a daɗe ana tuna muryarta: "ƙyas", sai shiru, sai "daram" bayan tsuntsu ya kai gida.

Ciwon ajali ya soma da 'yar tsaga a wuya. An ɗaure da waya, an shafa mai, amma kwana ya ƙare. Ta karye a kafaɗar maigida, ta yi masa sallama da kumburi a muƙamuƙi.

Ta bar harsashi arba'in, madubi ɗaya, kututture ɗaya, da tsoho marar aikin yi.

Tun jiya ake ganin mai makokin yana zagaya bishiyar da ta rage.

"Kallo kawai nake, tsohuwa," in ji shi.

"To kalla da hannu a aljihu, uban Gulalai," in ji Spogmai.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar. Ƙota za ta shiga tanderu, a gasa gurasa da ita a raba sadaka. Bututu zai koma murhu, ya riƙa hura wuta, ko ya yi amfani sau ɗaya. Gatarin da ya sare bishiyar ba zai halarta ba. Ya tafi gidan ƙanwar Spogmai, ba ranar dawowa.

Masu ta'aziyya su zo da sukarinsu, su gaida Spogmai a inuwar bishiyarta. Maigida dai ba zai samu karɓar gaisuwa ba. Da aka zo maganar gatari, ya fita ya buga ƙofa, kuma ƙarar ta fi ta marigayiya.