Ƙahon da Na Ɗora wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa a zauren Malam Sule ba. Lokacin Turawan kuza suna Riruwai, wani da zai koma ƙasarsu ya bar mini tsohuwar kyamararsa, irin mai zuga-zugin nan da ƙafa uku. A bayanta ake maƙala ɗan akwatin da naɗin fim yake ciki. Ya ja mini kunne: duk hoton da ka ɗauka, ka murza fim da hannunka kafin ka ɗauki wani, don ita ba za ta tuna maka ba. Na ce na gane (ƙarya nake, hankalina yana kan yadda za a riƙa kallona a Tudun Wada).

A lokacin ina neman auren Asabe, 'yar Malam Sule, kuma ina da abokin takara, wani tela. Sai na ce bari in burge tsohon da abin da tela ba zai iya ba. Da ƙyar ya yarda a ɗauke shi, don shi gani yake hoto aikin sheɗan ne. Ya sha rawani da babbar riga, ya zauna a kan buzu, ni kuma na shige cikin baƙin ƙyalle ina wani cika ina batsewa, na danna. Ashe kafin nan na gwada kyamarar a kan wani bijimi a Burumburum, kuma ban murza ba.

Na ba wani direba fim ɗin ya kai Kano a wanke, na ce hoton da yake da dattijo a ciki a sa shi a gilashi. Ya dawo da shi naɗe a ƙyalle. Kun san ko buɗewa ban yi ba? Haka na sungume shi zuwa zaure bayan sallar Juma'a, dattijai cike, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga ɗan abin da na kawo."

Ya warware.

Na leƙa. Inna lillahi! Ga Malam da gemunsa da carbinsa, ga ƙahoni zaƙo-zaƙo sun ɓullo ta cikin rawani, ga tozo a kafaɗa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Liman ya hau salati. Sai wani Ardo da ya zo gaisuwa ya matso, ya ƙura ido, ya ce, "Kai! Ai wannan bijimina ne!"

Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, haka kake ganina?"

Na fara in'ina, ina bayanin murza fim. Ya ɗaga hannu. "Wanda ya yi mini ƙaho tun ban ba shi 'ya ba, in na ba shi ai sai ya ɗaura mini garma."

Tela ya auri Asabe. Ni ko hoton bikin ba a kira ni ba, kuma har yau tsofaffin garin Mai Ƙaho suke ce mini. Tun daga ranar, ko goro zan kai wa mutum, sai na kwance ganyen na duba tukuna.