Karkandar Kwamanda Ta Shiga Daji

A duk layin babu wanda ya san daji kamar Kwamanda. Wannan ba zato ba ne, shi da bakinsa ya tabbatar, kuma ya sha maimaitawa a bencin mai aski. Gaskiya ne aikinsa a benen wani ofishi yake, inda yake buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. Gaskiya ne kuma daga ƙofar gidansa zuwa ofishin kwalta ce shimfiɗe, ko rami babu. Amma wannan laifin masu gyaran hanya ne. Shi dai a shirye yake.

Shirin nasa yana tsaye a ƙofar gida: a-kori-kura mai ja da taya huɗu, wadda ya raɗa wa suna Karkanda. Da ya sayo ta mota ce kamar kowace mota, abin da bai yi masa daɗi ba. Ya sa bakanikensa ya ɗaga ta sama har sai da matarsa ta koma taka kujerar tsuguno kafin ta shiga. Ya sa mata tayoyi masu haƙora, ya ɗaura bamba ta ƙarfe a gaba, da injin ja mai igiyar ƙarfe, da jerin fitilu a rufi. A gefen gilashi akwai bututun shaƙar iska, don ranar da za a keta kogi. A baya akwai jarkoki da shebur mai sheƙi wanda ƙasa ba ta taɓa ɓata shi ba. Bakaniken mutum ne mai ladabi. Duk abin da Kwamanda ya kawo, sai ya ce, "Yallaɓai, wannan tunanin sai kai," sannan ya ɗauko sifana.

Ana cikin haka sai dama ta zo. Surukinsa yana da gonar tumatir can bayan gari, inda kwalta take ƙarewa. Tsohon ya ce ya gaji, yana neman wanda zai riƙa fito da kwanduna da damina, kuma wanda ya iya wannan shi zai riƙe gonar gaba ɗaya. Kwamanda ya ji maganar ta zauna masa daram. Har ya hango kansa ya ajiye hatimi, ya sa hular kwano da dogon takalmi, ma'aikata suna rusunawa suna kiransa manaja.

"Baba, ai an gama," in ji shi. "Don irin wannan rana aka yi Karkanda."

Tsohon ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, ya tsaya yana duban tayar da ta kai masa ƙugu.

"Ɗana, wannan ba ta shan mai da yawa kuwa?"

"Mota ba ta shan mai, Baba. Direba ne yake sha."

Amsar ta yi kyau, sai dai allurar mai ba ta ji ta ba. Tun da aka ɗora wa Karkanda ƙarafan nan, allurar take gangarowa kamar an aike ta. Kuma Kwamanda ya san halin surukinsa, mutum ne da yake kashe fitila tun kafin baƙo ya gama sa takalmi. In ya ga yadda ake tsayawa gidan mai, zancen gona ya mutu.

Don haka ya shiga tsimi na ilimi. Ya haramta kunna sanyi a mota, iyali suna isa unguwa sharkaf da gumi. Ya cika tayoyi da iska har suka yi tauri kamar dutse. A kowace gangara sai ya kashe inji, ya riƙe sitiyari da ƙarfi, fuskarsa cike da natsuwar masana. Ya juye man jarkokin ya mayar da su wofi, domin mai yana da nauyi, jarka kuwa tana da kwarjini. Ya kuma roƙi matarsa ta rage kayan jakarta.

"Baban yara, shi shebur ɗin nan ba shi da nauyi?" ta tambaya.

"Shebur kayan aiki ne. Jakarki kayan ado ce."

Allura dai ba ta fasa ba. Nan ne babban tunani ya sauko masa. A ƙarƙashin motar akwai farfela, doguwar sandar ƙarfe da take kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. Kwamanda ya lura cewa kullum tana nan, ana ɗauke da ita ana ciyar da ita, alhali ba a ganin aikinta. Ya je gareji ya ba da umarni a cire.

"Yallaɓai, wannan tunanin sai kai," in ji bakanike, ya jingine farfelar a bango.

Da yamma Kwamanda ya yi wa bencin mai aski bayani. "Turawan da suka ƙera motar nan sun yi ƙoƙari daidai iliminsu. Amma akwai abubuwan da suka sa don tsoro kawai. Mutumin da ya san daji da idonsa yake tuƙi, ba da ƙarfe ba."

Ranar gwaji ta zo bayan an kwana ana ruwa. Aka tallafa wa tsoho ya hau gaba, matar Kwamanda ta zauna a baya da jaka ƙarama. Har ƙarshen kwalta tafiyar abin alfahari ce, Kwamanda ya yi ta bayani a kan yadda ake karanta ƙasa, da yadda ƙwararre yake gane taɓo daga launinsa. Daf da ƙofar gonar akwai wani kwari mai launin da bai kai ga bayaninsa ba. Karkanda ta shiga, ta yi nishi, ta tsaya.

"Yanzu za ku ga bambanci," in ji Kwamanda.

Ya gyara zama, ya ja ƙaramar giyar nan ta taya huɗu cikin isa, ya taka totur. Tayoyin baya suka yi ta juyi suna feshin laka har kan fitilun rufi. Na gaba kuwa suka tsaya cik, kamar baƙi a gidan da ba su san kowa ba. Tsohon ya leƙa ta taga ya daɗe yana dubansu.

"Su waɗannan hutu suke yi?"

"Dabara ce, Baba. Ana ajiye ƙarfinsu."

Ya sake takawa. Motar ta nutse har bamba. Ya sauko, laka ta karɓi dogon takalminsa ɗaya ta riƙe. Ya jawo igiyar injin ja, ya duba gabas da yamma babu itace, sai ya ɗaura ta a turken shingen maƙwabcin gonar. Injin ya yi aikinsa da gaskiya: turken ya taho, shingen ya biyo shi, Karkanda ba ta motsa ba. Shebur ma an gwada shi, kuma ya yi kyau a hannu.

Tsohon ya naɗe ƙafar wandonsa, 'yarsa ta riƙe masa hannu, suka ƙarasa gonar a ƙasa. Maƙwabcin ya zo ya dubi shingensa, ya ce yana da tarakta, amma ba zai sa ta cikin kwarin nan ba sai ƙasa ta sha iska. Kwamanda ya koma gida a bayan babur, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ruwa bai ɗauke ba. Bayan 'yan makonni ya je gaida surukinsa, da jawabin da ya tsara a kan sauyin yanayi. Tsohon bai bari ya fara ba. Ya ce jigilar tumatir ya ba maƙwabcin mai tarakta, gonar kuma zai ci gaba da riƙe abinsa tukuna.

"Amma ɗana, ina da roƙo. Kada ka yi gaggawar cire motar nan."

Kwamanda ya ɗago kai.

"Birai sun dame ni shekara da shekaru. Tun da ta tsaya a wurin, ko ɗaya bai shigo ba. Suna zuwa bakin kwari, su dubi fitilun nan da jarkoki, su juya. Ban taɓa samun mai gadi irinta ba."

A yammacin ranar bencin mai aski ya ji labari daga tushe. Kwamanda ya bayyana cewa bayan dogon nazari, surukinsa ya damƙa masa harkar tsaron gonar baki ɗaya, kuma Karkanda tana can bakin aiki dare da rana. Mai aski bai ɗaga kai daga ƙeyar da yake gyarawa ba.

"To, Kwamanda, ya shan mai?"

"Wannan watan? Ko ɗigo."

An bincika, kuma a wannan karon maganarsa gaskiya ce.