Bakin Shimfiɗar Tasalla

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai ƙanwata Tasalla ɗakin miji ba, kuma ko na so in manta, mutanen Madarumfa ba za su bar ni ba. Mutum uku nake jin haushinsu: Gwaggo Hajo, da ɗanta Ɗanjimo, da ni kaina (na ukun ya fi ci mini rai, don shi ba ni da inda zan guje masa).

Lokacin Nasara bai iso ƙasarmu ba tukuna. Da damina ina noman gero kamar kowa, da rani kuma in zauna gindin tsamiyar ƙofar gidanmu in kama allura. Ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Da aka sa ranar Tasalla da wani saurayi ɗan Safo, na ce tunda ba ni da saniyar da zan ba ta, zan yi mata abin da ba a taɓa gani ba. Duk ƙyallen da ya ragu daga rigunan mutane na tara, fari da saƙi, har da ɗan jan barage da wani falke ya bar mini. Na yanka su gida-gida kamar tafin hannu, na bi su da allura na haɗa, har suka zama shimfiɗar da za a ɗora bisa dakalin ɗakinta a jera ƙorai da akusa. Rani guda na ƙare a kanta. Yatsuna duk sun huje.

Ranar ɗaukar amarya da hantsi, Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ta fito ta ce in nuna mata. Na warware ina jiran yabo. Ta juya ta, ta kama gefe, ta ja wani zare da ya leƙo.

"Wanga mi ne ne?"

"Shimfiɗar jere ce, Gwaggo."

"Ba baki? Haka za a kai ma mutanen Safo abu yana zubar da zare, su ce tsummoki muka tara ma ɗiyarmu? Ka yi mata baki kahin azahar, in ba haka ba a bar ta nan mu riƙa tace kunu da ita."

Tace kunu! Matar nan wata da watanni tana wucewa ta gabana ina wannan aiki, ba ta ga rashin baki ba sai yau. Na buɗe baki in yi magana, na tuna gwaggona ce, na haɗiye. Abin da na haɗiye ɗin ne ya dame ni.

Ba ranar kasuwa ba ce, ba inda zan samo zane. Na shiga ɗaki na duba, ba abin da ya dace sai rawanina, baƙi mai ƙyalli, wanda ba na naɗawa sai da salla, wanda kuma na yi niyyar naɗawa ran nan. Na sa masa almakashi ina huci.

Ina zama sai ga Ɗanjimo da gasasshen kifi a hannu. Taubashina ne, wato al'ada ta ba shi dama ya zage ni ni kuma in yi dariya. Ya zauna kusa da ni yana tsotsar ƙaya.

"Taubashi, ka auna ta tsakiya tukuna, sannan ka yanke bakin daidai. In ka bi gehe kawai, zai yi maka tattara."

"Kai da ba ka iya sa zare a allura ba?"

Na bi gefe kawai. Da na gama ɓangare ɗaya na shimfiɗa, sai ga baki yana hawa yana sauka kamar ruwan tafki ranar iska. Ɗanjimo ya dai yi tari (tarin nan ya fi zagi). Na warware duka, na auna ta tsakiya a ɓoye, na sake farawa. Rana ta take, gumi ya jiƙa ni, na tuɓe riga na rage daga ni sai 'yar shara da babban wandona mai zariya. Na tanƙwashe ƙafa, na ɗora shimfiɗar bisa cinya, na shiga ɗinki ƙanana-ƙanana, ina ninkawa, duk sukar allura ɗaya da baƙar magana ɗaya da nake mayar wa Gwaggo a zuci.

Ina ɓangaren ƙarshe Ɗanjimo ya miƙo wuya.

"Taubashi, dakata, ka duba..."

"Rufe mini baki!"

"Ai ba wasa ba ne, ka ga..."

"Wallahi in ka sake buɗe bakin ga kahin in gama, sai na ɗinke shi!"

Ya dubi dattawan da ke zaune a inuwa. "Jama'a ku shaida, shi ya ce in yi shiru." Ya jingina da tsamiya ya lumshe ido yana murmushi. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa dalilin murmushin nan. Ni ƙara sauri na yi.

Ina cizge zaren ƙarshe sai ga mutanen Safo da jakunansu, ana kiɗa mata na guɗa. Gwaggo ta fito tare da gwaggon ango, wata ƙaƙƙarfar tsohuwa mai damatsa kamar taɓare. Na tattara shimfiɗar na rungume na miƙe. Har jawabi na yi, da ƙarfi don Gwaggo ta ji: "Ga ta nan, Inna, da bakinta da komi. Ɗinkina ne, ko jakai biyu aka ɗaura ba su raba shi."

Tsohuwa ta kama ta ja. Shimfiɗa ta ƙi zuwa. Ta ɗauka riƙewa nake don a ba ni tukuici, ta yi dariya ta ce, "Sakam mana, maɗinki, goronka na nan." Sannan ta fizga da hannu biyu.

Ashe duk ɓangaren ƙarshen nan da cinyar wandona na haɗa shi. Zariya ta ce ɗas! Wando ya bi shimfiɗa, ya sauka har idon sawu, gaban surukai, gaban dattawa, gaban 'yan matan Safo. Kiɗa ya tsaya. Na durƙushe ina jan 'yar shara, ita kuwa ko cibiya ba ta gama rufewa ba. Wata ta fara ƙyalƙyalewa, daga nan fili duka ya ɗauka, har mai ganga ya zauna ƙasa.

Aka jefo mini zanen mata na ɗaura. Aka gwada warware ɗinkin, ya ƙi, don gaskiya na faɗa, ɗinkina ne. Na ce a yanke bakin shimfiɗar. Gwaggo ta ce, "Kada wanda ya taɓa kayan ɗiyata! A yanke wandon." (Ɗazu matacin kunu, yanzu kayan ɗiyarta.) Ɗanjimo ya ɗauki almakashina ya durƙusa yana yanka a hankali, hawayen dariya na zuba. Da ya gama ya ɗago kai.

"Taubashi, yanzu na iya magana?"

Ban sake ce masa uffan ba sai da aka yanke gero. Shimfiɗar kuwa tana Safo har yau, da ƙyallen wandona manne a bayanta, kuma Tasalla ba ta barin baƙo ya fita ɗakinta sai ta ɗage ƙorai ta nuna masa.

Abin da na koya kaɗan ne. In raina ya ɓaci yanzu, allura nake fara ajiyewa. In kuma wanda ya fi kowa ba ni haushi ya ce in dakata in duba, sai in zage shi yadda na saba, amma ina zagin ina dubawa.