Rasuwar Hannun Baba, Salon Rubutun Shagon Takalma

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, Auta, mai gina shafukan intanet, tana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar Hannun Baba, salon rubutun da ya ƙawata shafin shagon takalman gidansu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin shago, tsakanin kwalaye, bisa umarnin Yayanta, mai riƙe da shagon.

Marigayin ɗan asali ne. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta allunan shaguna da buroshi, har hannu ya fara rawa ya ajiye. Auta ce ta bi tsofaffin allunan nan tana ɗaukar hoto, ta zana haruffan ɗaya bayan ɗaya a kwamfutarta, ta mai da su salon da babu mai irinsa. Ƙ ɗinsa na da lanƙwasa kamar wuyan buta. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Iyakar ƙararsa ita ce ta fankar kwamfuta in ana loda shi.

Ciwon ajalinsa nauyi ne. Ba ya cikin wayar kowa, sai an sauko da shi, kuma a inda sabis ke rarrafe sai mutum ya ga hoton takalmi, ƙarƙashinsa fili fetal, babu suna babu lambar waya. Waɗanda suka yi haƙuri har ya bayyana kuma suka kasa bambanta ɗaya da bakwai. Wani bakanike da lambarsa ta yi kama da ta shagon ya gaji da amsa kiran masu neman takalmin makaranta, ya zo shago da kansa da baƙin mai a hannu, ya zazzage wa Yaya ta cikinsa a gaban mutane.

Auta tana so a sani cewa ba ta yafe wa Yaya ba. Ba don ya ce a cire ba, a'a, don yadda ya faɗa, yana ɗaure igiyar takalmi ko kallonta bai yi ba: "Sa mana irin na kowa mana. Takalmi muke sayarwa, ba ado ba." Haka kuma tana fushi da masu ƙera wayoyi, da masu sabis, da ƙawarta da ta ce "ya yi kyau" alhali shafin bai ma buɗe mata ba.

Ta kai ƙara wurin Baba, da tabbacin zai tsaya mata. Ya sa tabarau, ya kai wayar kusa da hanci, ya janye ta nesa, sannan ya ce, "Auta, wa ya yi wannan cakuɗin? Ni don a karanta daga tsallaken titi nake rubutu." Wannan fushin ne ya fi ci mata rai, don ta rasa wanda za ta ɗora wa.

Marigayin ya bar haruffa manya da ƙanana, lambobi goma, biyu daga cikinsu ana zarginsu, da alamar tambaya guda. Wanda ya gaje kujerarsa wani siririn salo ne marar fara'a da ke cikin kowace waya tun daga kamfani. Auta ba ta gaishe shi ba. Yana buɗewa nan take, abin haushi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an rufe shago: za a kwashe shi daga kwamfuta zuwa filashi, a sa a aljihun tebur na ƙasa. Duk mai niyyar cewa "ai rubutu duk ɗaya ne" ya zauna a gida. Sauran masu ta'aziyya su zo da wayoyinsu, musamman tsofaffi masu fasasshen gilashi. Sai Auta ta buɗe shafin a kowacce ta ga ana karantawa, sannan ta zauna ta yi kukanta.