Rasuwar Ginshiƙin Tsakiyar Shagon Kunafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Ferit ɗan Nihat mai kunafa, alkakin nan namu mai cuku, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zama a tsohon shagonmu na bakin kogin Asi a nan Antakiya ta ƙasar Turkiyya, rasuwar Ginshiƙin Tsakiya, wanda masu shan shayi suka fi sani da Dattijo. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya a tsaye. Sanarwar ta makara da shekara bakwai. Sau uku ina fara ta, sau uku ina miƙewa in zaga ɗaki in ɗaga kai in ga ko fitilar rufi tana lilo. Yau dole in gama, domin jibi Alhamis za a kashe ƙanensa.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Kakkaura ne, sai mutum biyu sun haɗa hannu suke zagaye shi. Bai taɓa zama ba, bai taɓa neman hutu ba ko ranar salla. Hawa biyar ya ɗauka a ka: gidaje goma, da injinan wankinsu, da tulunan man zaitun, da rigingimun aurensu. Ba shi da surutu. In ka ƙwanƙwasa shi da cokali sai ya ce "dum" sau ɗaya, can ciki, kamar mutumin da ya amsa sallama ba ya son hira. A jikinsa mahaifiyata take zana tsayina da fensir duk shekara. A gindinsa na karanta littattafan da suka ɓata ni, na sarakunan da suka rasa ƙasa da masoyan da wasiƙa ɗaya ta kashe. Na zubar wa mutanen takarda hawaye ina jingine da shi, ban taɓa tambayar abin da ke riƙe da bayana ba.

Mutum ɗaya ce ta san girmansa: Goggo Sabiha ta hawa na uku, mai zuro kwando da igiya ta taga kullum da la'asar. "Ferit, mai zafi nake so, kada ka sa min ta jiya irin ta baƙi," in ji ta. In ta sauko kuwa sai ta dafa shi ta ce, "Ku riƙa gaishe da dattijon nan, shi ke ɗauke da gadona."

Rashin lafiyarsa daga wurina ta fara, kuma wannan ne abin da ya sa na kasa zama.

Ilkay, jikar Goggo Sabiha, ta kama aiki a kantin maganin da ke tsallaken titi. Daga inda nake juya faranti a kan garwashi, marigayin ya tsaya cak tsakanina da tagarta. In na leƙa ta dama, rabin fuskarta. In na leƙa ta hagu, gwiwar hannunta. Faranti biyu na ƙona a mako guda. Baba ya daɗe yana kukan ƙuncin shago, sai na samu ƙofa.

"Baba, da babu wannan, tebur uku za su shiga. Mai wucewa ma zai hango wuta tun daga titi."

Ya dube ni ya yi dariya. "Yau dai littafi ya haifi abin kirki."

Aka kira Vahit magini. Ya bubbuga marigayin da tafin hannu kamar mai taya rago, ya ce, "Wannan ai ado ne. Irinsa nawa na cire a layin nan? Nuna min wanda ya faɗi."

Jinyar kwana uku ce. Kankaren ya yi ta gurnani a ƙarƙashin injin yanka, bai yi ƙara ba. Rodunan cikinsa ne suka yi magana, ɗaya bayan ɗaya, "tas", har takwas. Ina jin su har yanzu in an rufe ƙofar mota da ƙarfi. A rana ta biyu Goggo ta leƙo ta taga.

"Nihat, kofunana suna rawa a kan kanta. Me kuke yi wa gidan?"

"Gyara ne, Goggo, koma ki huta."

Muka shafe gurbin da farin fenti, muka rataya fitila mai kyau a wurin. Na ga Ilkay gaba ɗayanta, ita ma ta gan ni. Shekara huɗu muka yi muna ganin juna, har an fara zancen zoben baiko.

Sauran kun sani, ba sai na tayar muku da zancen girgizar ƙasar nan ba. Ƙasar da muke takawa ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Manyan falalen dutse ne suke gugar juna a ƙarƙashinmu, su cije shekaru ɗaruruwa, sai ranar da suka zame. Ƙasar bakin kogi kuma mai laushi ce, rawar da ta zo mata sai ta ninka ta. Duk wannan yana cikin littattafan da ke ɗakina, a babin da nake tsallakewa in kai ga inda masoya suke haɗuwa.

Amma ga abin da ba na iya tsallakewa. Ginin da ke manne da namu tagwayensa ne, magini ɗaya, shekara ɗaya. Asubahin nan ya tsage daga sama har ƙasa, amma ya tsaya, mutanensa suka sauko da ƙafafunsu, lulluɓe da barguna, cikin ruwan sama. Namu ya durƙusa ta tsakiya, daidai inda fitilar take rataye. Mutum goma sha ɗaya. Goggo Sabiha tana cikinsu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ilkay tana aikin dare a kantin magani, ta tsira, ta koma garin Mersin wajen kawunta. Ina rubuta mata wasiƙa duk mako, na zuba mata teku da wata da tsuntsaye, ban taɓa rubuta mata wanda ya fara kawo shawarar yanke ginshiƙin ba. Yanzu na rubuta.

Marigayin ya rasu ya bar guntun rodi ɗaya da na ɓoye a aljihun tebur. Ya bar kwandon Goggo da igiyarsa, wanda muka tsinta ko kwarzane babu. Ya bar Vahit magini cikin ƙoshin lafiya. Ya kuma bar ƙane guda, ɗan shekara ɗaya, a tsakiyar sabon shagonmu da ke gindin dutse, ɗauke da hawa huɗu da iyalai takwas waɗanda bara suka fito daga gidajen kwantena.

Makon jiya na ga Baba yana auna ƙanen nan da taku.

"Ya tare haske," in ji shi.

"Baba, mutum goma sha ɗaya."

"Ƙasa ce ta motsa, ɗana, ba injin Vahit ba. Rabin gari ya faɗi. Su ma ginshiƙi suka yanke?"

"Ginin da ke jikinmu bai faɗi ba."

Ya daɗe yana goge hannu da tawul. Sannan ya ce, "Je ka duba wuta."

Kada wanda ya karanta wannan ya ce mahaifina mugu ne. Kwana huɗu ya yi yana tonon ɓaraguzai da hannu har faratansa suka fita. Sai dai ranar da ya yarda ginshiƙin can yana da aiki, ranar zai yarda da hannunsa a mutuwar mutanen nan. Ina ganin shi ya sa yake son yanke wannan: don ya ga ginin ya tsaya, ya samu ya yi barci. Ni kuwa ba zan bari a gwada da gadon yaran mutane ba.

Jana'iza: babu gawar da za a wanke, an kwashe ta da motar ɓaraguzai tun tuni. Za a yi zaman makoki jibi Alhamis da ƙarfe bakwai na safe, awa ɗaya kafin isowar Vahit, a gindin ƙanen marigayin. An liƙa wannan takarda a ƙofar ginin domin mazauna hawa na ɗaya zuwa na huɗu, waɗanda ba a gaya musu komai ba. Ana roƙonsu su sauko da 'ya'yansu. Kada a kawo abinci, a kawo fensir. Za a tsayar da kowane yaro a jikin ginshiƙin a zana tsayinsa a rubuta sunansa, domin wanda zai kafa injin ya fara karanta sunayen.

Baba, kujerarka tana nan, shayinka ni zan dafa.

Ilkay, motar Mersin ta farko tana isowa kafin bakwai. Ban roƙi gafara ba, ban kai nan ba tukuna. In kin zo, ki tsaya ta bayan ginshiƙin. Ba zan gan ki ba, kuma a haka za a bar shi.