Rasuwar Wayar Tebur ta Gindin Darbejiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Duka, Malam Sama'ilu Mai Waya na bakin tashar Roni yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Kazaure, Babura da Gwiwa rasuwar wayarsa ta tebur, baƙar nan mai murɗaɗɗiyar igiya. Ta cika a farkon damina bayan doguwar jinya, tana da shekara ashirin da 'yan kai. Yana neman afuwa a kan jinkirin sanarwa. Ya daɗe yana ɓoye gawar, kuma dalilinsa yana nan tafe.

Daga Kano aka kawo marigayiya a cikin kwali, zamanin da sabis bai san hanyar Roni ba, sai an ɗaura eriya a kan gora an yi ta juya ta wajen duwatsun Kazaure. San nomansa ya sayar ya sayo ta. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai Sama'ilu ya ba da mai ƙaho ya karɓo abin da ba ya noma. Kafin kaka, masu dariyar ne a kan bencinsa suna jiran layi ya zo kansu.

Duk wanda ya yi hulɗa da ita ya shaide ta da riƙon amana. Ta ji cinikin shanu, ta ji bikon mata, ta ji kukan manyan maza, ba ta taɓa kai maganar wani gaban wani ba. 'Yan hatsi da bakinta suke jin farashin gero a Dawanau kafin su ɗora buhu a mota. Fataken Babura da ita suke tambayar yadda canjin sefa ya kwana. Muryarta kuwa ba ta da na biyu. In ta yi kirrr-kirrr, har mahauta sai sun ɗago kai.

In kira ya shigo daga Legas ko Fatakwal ana neman wani, Malam Sama'ilu kan ce a sake bugowa an jima, ya haye kekensa ya tafi kiran mai shi. Garin nan kaf an san al'adarsa. In yana tafe yana kaɗa ƙararrawa, to haihuwa ce ko aike. In kuwa ya sauka yana tura keken da hannu, mata kan fara salati tun bai yi sallama ba. Ba zauren da bai shiga ba a lokacin, ba gidan da bai sha furarsa ba.

Sai aka kafa ƙarfen sabis a bayan gari, waya ta shiga aljihun kowa. Dillali ya koma ɗaukar hoton sa ya tura kudu yana tsaye a kara. Mai hatsi ya koma ciniki daga kan tabarmarsa. Abokan sana'ar Malam Sama'ilu duk suka bi zamani: na Kazaure ya koma cajin waya, na Babura ya sayi na'urar cirar kuɗi, na Gwiwa yana sayar da data. Sun sha gaya masa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Shi kuwa, da taurin kai irin na wanda ya taɓa zama wani abu, amsarsa ɗaya ce.

"Mai cirar kuɗi a tsaye yake karɓa ya wuce. Ni wurina zama ake yi."

To, zaman ma aka daina. Mai ɗakinsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa suna Kaduna. Ba su rage shi da komai ba, kuɗi na zuwa ta hannun mai na'ura duk wata, mutum ne dai ba ya zuwa. Sai ya wuni shi da marigayiya a gindin darbejiya, yana goge mata ƙura, ita ko ƙala. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yanke ƙafa ba, Goggo Dela mai nono, daga wata ruga ta hanyar Gwiwa. Ɗanta na fari, Ashiru, yana cinikin shanu a Legas. Kowa ya san kunyar Fulani a kan ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa, balle a ji ta tana hira da shi. Duk ranar kasuwa, in ta sayar da nononta, sai ta zo ta sauke ƙwarya a gefen benci, ta zauna ta ba tebur baya.

"Mai Waya, taɓa mini wancan na kudu. Ba don komai ba, batun maraƙi ne."

Ba a taɓa yin batun maraƙi ba. Malam Sama'ilu ne ke danna lambar, ya buɗe lasifika, ya yi tambayoyin da bakinta ba zai iya ba: ya jiki, ya iyali, ana samun abinci kuwa, yaushe za a leƙo gida. Ashiru ya san wa ke saurare, sai ya ɗaga murya yana amsawa dalla-dalla. Ita kuwa tana ta korar ƙudan da babu su daga kan faifai. In an gama ta zuba wa Mai Waya nono a kofi, su ɗan taɓa hirar damina da tsadar dusa har la'asar. Wannan zaman shi ne abin da yake jira daga kasuwa zuwa kasuwa.

Ciwon ajali ya fara da madannai, sai an danna da ƙarfi kafin su ji. Daga nan batir ya kumbura, murya ta dishe, kirrr-kirrr ɗin nan ta koma kamar tarin tsohuwa. Ya naɗe ta a zani ya hau acaɓa ya kai ta Kazaure wurin Muhammad Auwal mai gyara. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye sukundireba.

"Baba, sai haƙuri. Kayanta ko a Kano an daina kawowa. A cire layin a sa a ƙaramar waya mana."

Malam Sama'ilu ya ce wayar aljihu kowa na da ita, wa zai tako har benci don ita? Ya dawo da marigayiya gida. Washegari ta yi ɗit sau ɗaya, fuskarta ta yi duhu, shi ke nan.

A nan ne ya yi abin da ya jawo jinkirin wannan sanarwa. Ranar kasuwa ya ɗora gawar a tebur, ya goge ta tas. Da Goggo Dela ta zo, ya ɗaga kan wayar, ya danna, ya kara a kunne, ya girgiza kai ya ce yau babu sabis. Ta ce to, Allah ya kawo shi. Ta zuba nono, suka yi hira har la'asar. Haka aka yi kasuwa ta gaba, da wadda ta biyo ta, sabis bai dawo ba, ita kuma ba ta fasa zuwa ba.

Rannan yana cikin girgiza kai, bai ma rufe baki daga cewa babu sabis ba, sai ga kiɗan waya yana tashi daga cikin ƙullin zanen da ke ƙarƙashin faifan Goggo Dela. Ashe Ashiru ya daɗe da aiko mata da tata, ta ɓoye. Kuma ba sai an faɗa ba, shi ne ke nema, tunda ya yi ta kiran ta tebur yana jin ta a kashe. Kiɗan ya yi ta yi. Ita ba ta ɗauka ba, Malam Sama'ilu bai ɗago kai ba. Ya san tana da waya, ta san akwai sabis. Da kiɗan ya gaji ya yi shiru, ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka, ta tafi ba sallama. Tun daga ranar ba ta sake biyowa ta tasha ba.

Marigayiya ta rasu ta bar benci ɗaya, da lema wadda rana ta cinye launinta, da eriya a kan gora, da keke mai ƙararrawa. Ta bar jikoki bila adadin a aljihun jama'a, waɗanda ko sunanta ba su sani ba. Ta kuma bar Malam Sama'ilu.

Jana'iza ba wanka ba sallah, tunda ba mai rai ba ce. Za a mayar da ita kwalin da ta zo a ciki, a ɗora bisa kabad, don ya rantse 'yan gwangwan ba za su auna ta a sikeli ba. Zaman makoki kuwa a gindin darbejiya ne, kowace ranar kasuwa, daga hantsi zuwa la'asar, kuma ba a sa ranar tashi ba.

Ana roƙon masu nonon hanyar Gwiwa su isar wa Goggo Dela cewa benci yana nan inda ta bar shi. In ta zo da abin da ke cikin ƙullin zane, ta ajiye a tebur ta juya baya kamar kullum. Akwai mai dannawa, akwai mai yin tambaya, kuma ba wanda zai tayar da zancen sabis.

Masu niyyar ta'aziyya su yi haƙuri su tako da ƙafarsu. Kada kowa ya ce zai kira a waya, mai ɗaukar kiran ce ta rasu.